Kundin Gwanjon Tsofaffin Bindigogi Da Shafin Da Ba A Buga Ba

Maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa a nan Birmingham wani dattijon Bature ne da ya haura shekara saba'in. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa kowa ya kama gabansa. Mutumin kirki ne ƙwarai. Shi ke fitar mana da shara in ina aikin dare, mu kuma duk Babbar Sallah sai mun aika masa da soyayyen nama. Tun da ya yi ritaya abin da ya sa a gaba shi ne tara tsofaffin bindigogin soja na ƙarni na 19. Guda shida ya jera a bangon ɗakin karatunsa, kowace da 'yar takardarta a rataye.

Babban ɗana (ku yi mini uzuri, ɗan fari ne, ko a rubuce ba na iya kiran sunansa) shekararsa 16. Ya fara shiga wurin dattijon yana taya shi goge su. Ran nan sai ga shi da wani kundi mai sheƙi na wani kamfanin gwanjo, ya buɗe mini wani shafi ya ce, "Umma, duba wannan. Enfield ce, samfurin 1853. In na tara kuɗin aikin hutu kika cika mini, za mu iya saye."

Wallahi gabana sai da ya faɗi. Yaro baƙar fata, Musulmi, a Ingila, yana zancen sayen bindiga. Duk uwar da ke renon namiji a ƙasar nan ta san abin da ya zo mini a rai. Amma ban yi masa tsawa ba. Na ce ya bar mini kundin in duba. Kwana uku ina karanta shi a bas, na kuma ari wasu biyu irinsa a wurin dattijon. Duk bakinsu ɗaya, shi ya sa ba zan kama sunan kamfani ba. Abin da zan yi sharhi a kai shi ne yadda irin waɗannan littattafai ke magana a kan bindiga, da abin da suke koya wa yaron da ya karanta su.

Bari in fara da bayanin kayan, don na san da yawanmu ba mu san bambancinsu ba. Ni ma da ban sani ba.

Duk bindigogin da ake magana a kansu na ɗuri ne, ta baki ake zuba musu albarushi, a saka dalma, a danna da sanda. Bambancin yana wurin kunna wutar. Tsohuwar hanya ita ce ta ƙyastu: ƙanƙara ta daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan kaskon albarushi, wuta ta bi ta wata 'yar kafa ta shiga ciki. In ana ruwa ko iska, sai dai haƙuri. Wani limamin coci ɗan Sikotland, Alexander Forsyth, mai sha'awar harbin agwagin ruwa, ya gaji da yadda tsuntsaye ke ganin walƙiyar kaskon su tsere kafin dalma ta fita. Sai ya koma ga wani sinadari da ke kamawa da zarar an doke shi, ya yi rajistar fasaharsa a 1807. Daga baya aka riƙa zuba sinadarin cikin wata 'yar mitsitsiyar hula ta tagulla. A kifa ta a kan wani ɗan tsini, a ja kunama, guduma ta sauka a kai, shi ke nan. Wannan ita ce bindiga mai hula. Sojan Birtaniya sun koma gare ta a wajejen 1839 zuwa 1842.

Sai kuma wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya kawo harsashi mai tsini a gaba da rami a gindi a 1849. Yana shiga bututu cikin sauƙi, amma in albarushi ya tashi sai gindinsa ya buɗe ya kama zanen da aka murɗa a cikin bututun, ya fita yana juyi kamar katantanwa. Tsohuwar bindiga mai sulɓin ciki, in mutum ya wuce yadi ɗari, samunsa sai sa'a. Enfield ta 1853 kuwa ma'aunin saitinta ya kai yadi 900. Tsawon bututunta inci 39, faɗin bakinta kusan milimita 15. Ita ce yaron nan yake so.

To, gaskiya ɗaya ce, kundin ya burge ni ta wani fanni, kuma ba zan ɓoye ba. Shekara ashirin da wani abu ina aikin jinya, mafi yawa a ɓangaren ƙashi, na san darajar rubutun da ba a yi masa ha'inci ba. Masu rubuta kundin nan sun iya duba abu. Za su gaya maka shekarar da ke jikin farantin kunama, da kambin sarauta da haruffan VR na Sarauniya Victoria, da kalmar TOWER, da tambarin gidan gwajin bindiga na Birmingham wanda aka kafa a 1813. Za su ce tsatsa ta ci nan, katako ya tsage can, sandar ɗurin ba ta asali ba ce, an sauya ta. Ba sa rufe aibi. Da haka muke cike takardar majinyaci a kowace miƙa aiki, da an huta da kurakurai da yawa.

Sun kuma yi bayanin doka dalla-dalla, abin da ya kwantar mini da hankali. Dokar bindigogi ta Birtaniya ta 1968, sashe na 58, ta yarda a ajiye tsohuwar bindiga ba tare da lasisi ba in dai don ado ko sha'awar tarihi aka ajiye ta. Ƙa'idar da aka fitar a 2021 ta fayyace cewa sai wadda aka ƙera kafin 1 ga Satumba 1939, kuma irin na ɗurin baki suna ciki. Amma ranar da ka yi niyyar harba ta, ta tashi daga kayan tarihi, sai da lasisi. Ke nan abin da yaron ya nema bai saɓa doka ba. Kuma na yarda, ba don irin su dattijon nan ba, da yawancin ƙarafan nan sun daɗe da narkewa.

Matsalata ta fara ne daga wata kalma da ke maimaituwa a kusan kowane shafi: lafiya. Lafiyar bututu, lafiyar katako, lafiyar kunama. Shafi sama da ɗari ana duba lafiyar bindiga, babu layi ɗaya da ya faɗi abin da take yi wa lafiyar mutum. In baƙo daga wata duniya ya karanta, zai ɗauka wani kayan kiɗa ne ko agogon bango.

Bari ni in cike gurbin, tun da aikina ne. Harsashin Enfield dalma ce tsantsa mai laushi, nauyinsa wajen giram 34, wato ya ninka na AK-47 sau huɗu. Ba shi da gudun harsashin zamani, saboda haka ba ya ratsawa ya wuce da tsabta. In ya daki ƙashi sai ya baje, ƙashin ya tarwatse kamar an jefa tulu a kan dutse, tsagin ya bi tsawonsa sama da ƙasa. Yana shiga da guntun riga da dattin fata. A wancan zamani babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, Joseph Lister ma bai wallafa hanyarsa ta tsabtace tiyata ba sai 1867. Likita ba shi da zaɓi illa zarto. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, inda ɓangarorin biyu suka sayi Enfield kusan 900,000 daga Ingila, an ƙiyasta an yanke hannu ko ƙafa kusan sau 60,000. Yau da ƙarfe da kusoshi da maganin rigakafi muke haɗa irin wannan karaya, amma duk da haka na ga majinyatan da suka shekara suna zarya tiyata.

Akwai ma wani tarin da aka yi a daidai lokacin. A 1862 sojan Amurka suka buɗe gidan tarihin likitanci a Washington, aka umarci likitocin fagen fama su riƙa aiko da ƙasusuwan da suka yanke, wasu da dalmar a maƙale. Tarin yana nan har yau a jihar Maryland. Wato tarin bindiga da tarin ƙashi tagwaye ne, rana ɗaya aka haife su, sai aka raba su goyo. Ɗaya ya tafi gidan gwanjo ana shafa masa mai, ɗayan yana cikin gilashi sai ɗaliban likita ke leƙa shi.

Mu masu aikin jinya muna da alaƙa da wannan zamani ko mun ƙi ko mun so. Florence Nightingale ta sauka a Scutari da ma'aikatan jinya 38 a farkon Nuwamba 1854, ana gobe yaƙin Inkerman, inda sojan Birtaniya suka yi wa na Rasha ɓarna da bindiga mai harsashin Minié. Mary Seacole, baƙar fata 'yar Jamaika, da kuɗinta ta je Kirimiya ta kula da sojoji. Aikin da nake ci da shi yau a gefen irin waɗannan raunuka ya girma. Kundin ya ambaci Kirimiya sau da yawa, amma kullum don a ce bindigar ta ga yaƙi, kuɗinta ya ƙaru.

Wani abu ya ƙara tsaya mini a rai. Kundin ya ba da shawara mai kyau, cewa duk wanda ya sayi tsohuwar bindiga ya zura sanda ya auna, don wasu har yanzu da ɗurinsu a ciki. Shawara ce ta ceton rai. Amma bai tambayi dalilin da zai sa a bar bindiga a ɗure ba. Bayan yaƙin Gettysburg na 1863 an tsince bindigogi sama da 27,000 a filin, kusan 24,000 a ɗure, kusan rabin waɗannan kuma an ɗura musu fiye da sau ɗaya, ɗuri a kan ɗuri. Masana sun yi ta muhawara a kan dalili. Ni dai na san abin da firgici ke yi wa hannun mutum, na ga sabuwar nas tana neman jijiya hannunta na rawa. Yawancin masu riƙe da bindigogin nan samari ne da ba su fi ɗana da shekaru masu yawa ba. Wannan ma tarihin bindigar ne, kuma a cikin bututunta yake.

Abu na biyu ya shafi Indiya. A tsakiyar kundin akwai wata mai kama da Enfield sak, amma an rubuta cewa samfurin sojan Indiya ce, cikinta sulɓi, ba ta kai ta Ingila inganci ba, kuɗinta ma ƙasa. Iyakar bayanin ke nan. Mai karatu zai ɗauka ko maƙeran can ne ba su iya aiki ba.

Ga yadda abin yake. Harsashin Enfield a naɗe yake zuwa cikin takarda tare da albarushinsa, an shafe shi da maiƙo, soja kuma da haƙori yake yage takardar. A farkon 1857 labari ya bazu cikin sojojin Indiya da ke yi wa kamfanin Ingilishi aiki cewa maiƙon kitsen saniya ne da na alade. Mabiyin Hindu ba ya kai na farko baki, Musulmi ba ya kai na biyu. Dama akwai tarin ƙorafi a ƙasa, na ƙwace ƙasa da na raini, har da haɗiye masarautar Awadh a 1856. A garin Meerut sojoji 85 suka ƙi karɓar harsasai, aka ɗaure su da mari a gaban 'yan'uwansu, washegari 10 ga Mayu 1857 bore ya tashi. Da aka murƙushe shi, har a bakin igwa aka riƙa ɗaure mutane ana harbawa. Bayan nan ne hukuma ta yanke cewa sojan Indiya ba zai ƙara riƙe makami daidai da na Bature ba. Da gangan aka ba su mai sulɓin ciki, don in an sake yin rigima, Bature ya same su daga nesa su kuwa ba za su same shi ba.

Ku duba fa. Rashin ingancin da kundin ya rubuta kamar wani aibin ƙira, siyasa ce aka zuba cikin ƙarfe. Yaro Musulmi zai karanta wannan shafi, a unguwar da rabin abokansa kakanninsu daga can suke, ya wuce bai san cewa maganar alade da haƙori ce ta haifi bindigar da ke gabansa ba. Layi biyu sun isa a faɗi wannan. An samu wurin rubuta tsawon kowane ƙusa, wurin wannan ne aka rasa.

Abu na uku yana shafukan ƙarshe, inda ake tara tarkace. Nan na ga tamu. Doguwa, siririya, an ɗaure bututun da zoben tagulla, an naɗe gindin da jan fata, har da wani ɗan ƙunshi da na tabbata laya ce. Abin da aka rubuta bai wuce layi biyu ba: bindigar fatauci ta Afirka, ba a san maƙeri ba, ta dace da adon bango. Ba ƙasa, ba ƙabila, ba shekara. Afirka kawai, kamar sunan wani ƙauye. Mu kuwa adaka muke ce mata, wasu su ce harba-ka-ruga.

Abin dariya, abin haushi, mai yiwuwa tafiyar minti ashirin ce a bas daga gidana zuwa inda aka ƙera irinta. Akwai unguwar maƙeran bindiga a tsakiyar Birmingham, sunan yana nan har yau. Daga nan, da kuma birnin Liège na Beljiyam, aka yi ta lodin bindigogi masu araha zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Masanin tarihin nan ɗan Najeriya, Joseph Inikori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta a 1977 cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogi 283,000 zuwa 394,000 ke shiga Afirka ta Yamma kowace shekara. Da yawansu da mutane aka biya. Har a cikin garin nan an yi rigima a kai: a wajejen 1795 'yan ɗarikar Quaker, masu ƙin yaƙi, suka tuhumi ɗan'uwansu Samuel Galton saboda sana'ar bindiga, shi kuma ya kare kansa da cewa kowa a ƙasar yana cin moriyar yaƙi, ba shi kaɗai ba. Priya Satia ta rubuta littafi guda a kan wannan, Empire of Guns, a 2018.

Kuma abin da aka yi wa Indiya an maimaita mana shi da yarjejeniya. Taron Brussels na 1890 ya taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, amma ya bar ƙofa a buɗe ga mai ƙyastu mai sulɓin ciki da albarushin fatauci. Turai ta bar mai hula tun wajen 1866, lokacin da aka fara mayar da Enfield mai ɗurin gindi. Mu kuma aka tsayar da mu a kan wadda suka yar tun zamanin kakanninsu. Da Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, da igwa da bindiga mai ruwa ta Maxim aka zo. Wannan tazarar ba daga sama ta faɗo ba.

To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In na tsaya a nan na yi wa kaina daɗin baki. Mu me muka rubuta a kan adakarmu?

Kakana na wajen uwa yana da ita, a rataye a zaure. Muna yara muna tsoron ko kallonta. Da ya rasu, babu wanda ya san inda ta shiga. Na tambayi ƙannen mahaifiyata biyu, ɗaya ya ce an ba wani mafarauci, ɗaya ya ce 'yan gwangwan ne suka saye. Babu wanda ya san wa ya ƙera ta, ko a ina kakan ya samo ta, ko ta taɓa zuwa yaƙi. Baturen da nake zargi da rubuta layi biyu ya fi mu da layi biyu.

Kuma mu ma mun iya wanke bindiga. Wa bai ji daɗin ƙarar 'yan bindigar sarki a Hawan Sallah ba? Hayaƙi ya turnuƙe, dawaki na zabura, mata na guɗa. Ni kaina in na ga bidiyon hawan Daushe a waya har ƙwalla nake yi don kewar gida. Amma ba mu cika gaya wa yara cewa a ƙarni na 19 yawanci bayin sarki ne ke riƙe da bindigogin nan ba, ko cewa an yi amfani da su wajen kai hari a kamo mutane. Etsu Masaba na Nupe ya yi ƙarfi da bindigogin da yake saye daga Turawan kogin Kwara. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi ta hanyar Sahara, har igwa aka ƙera masa a Zinder. Ta ɗaya gefen kuma, rundunar da John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda ake kira Hausawan Glover, ta ɗauki bindigar Bature ta je yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. 'Yan'uwanmu na zangunan Ghana sun san wani reshe na wannan labari. Ashe mun tsaya a bayan bindiga, mun kuma tsaya a gabanta. Joseph Smaldone ya yi littafi a kan yaƙi a Daular Sakkwato tun 1977, amma mu nawa muka buɗe shi?

Ni na ga aikin adaka da idona ina ɗalibar jinya a gida. An kawo wani mafarauci da ta fashe a hannunsa, ya cika mata albarushi, bututun kuma dama na famfo ne. Yatsu biyu kawai aka ceto. Har yau in na ji warin albarushi a daren wasan wuta na Nuwamba a nan, shi nake tunawa. Yanzu kuma kalmar ma ta sauya hannu. Da in an ce 'yan bindiga, hawa ake nufi da ado. Yau in ka ji ta a rediyo sai ka ɗauki waya ka kira gida, ka ji ko kowa lafiya a Zamfara ko Katsina.

Na kai wa dattijon ƙorafina, muna shan shayi a kicin ɗinsa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ba ni amsar da ta cancanci a faɗe ta. Ya ce kundin gwanjo na ciniki ne, ba littafin makaranta ba. Ya ce mai sayar da tsohuwar mota ba ya lissafa waɗanda mota ta kashe. Ya ce shi bai taɓa harbin ko ɓera ba, aikin hannun maƙeran garinsu yake ƙauna, kakansa ma a masana'antar BSA ta Small Heath ya yi aiki.

Na yarda da rabin maganarsa. Ban ɗauke shi mai son jini ba, kuma ƙaunar aikin kakanni ba laifi ba ce. Amma misalin mota bai zauna ba, don mota in ta kashe mutum kuskure aka samu, wannan kuwa in ta kashe aikinta ta yi. Sannan ba gaskiya ba ne cewa kundin ba ya ba da labari. Yana bayarwa, in labarin zai ƙara kuɗi. Na nuna masa shafin wata Enfield mai ɗan tambarin anka da haruffan JS, alamar da masu tarawa ke ɗauka shaidar cewa an saya wa sojan Kudancin Amurka ne. An ba ta rabin shafi, da tarihin jiragen da suka riƙa satar hanya suna kai makamai, kuɗinta ya ninka na sauran. Ba a ce ɓangaren nan don riƙe bayi ya yi yaƙi ba. Ke nan ba rashin wuri ba ne, zaɓi ne. Labarin da ke sa mai saye ya ji shi jarumi ne ana bugawa, wanda zai sa ya yi shiru na minti ɗaya ana cirewa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi bai taɓa lura ba. Na gaskata shi. Haka irin wannan rubutu yake aiki, ba ya ƙarya, gefe ɗaya kawai yake haska maka har ka manta akwai ɗayan.

Hukuncina a kan kundin ke nan. A wajen bayanin ƙarfe da katako, ban ga na biyunsa ba, kuma ina ba duk mai son sanin yadda ake kwatanta abu da gaskiya shawara ya duba irinsa. A wajen tarihi kuwa gurgu ne, kuma haɗarinsa yana cikin kyansa, don yaro zai ɗauka abin da aka rubuta da wannan ƙwarewa ai ya cika.

Saura maganar ɗana. Ban hana shi ba, ban kuma ba shi kuɗin ba tukuna. Na san in na ce a'a kawai, zai koma intanet, inda masu ba da labarin bindiga suka fi kundin nan muni nesa ba kusa ba. Na kai shi gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds, shiga kyauta ne, muka yini. A jirgin dawowa na zana masa ƙashin cinya a bayan tikiti, na nuna masa inda jijiyar jini take bi, da abin da giram 34 na dalma zai yi a wurin. Sannan na gindaya masa sharaɗi. Duk bindigar da yake so, sai ya rubuta mata takarda biyu. Ta farko irin ta dattijo: maƙeri, shekara, tambari. Ta biyu: wa aka ba ta, wa aka nufa da ita, me ya faru da su. In ya kasa cike ta biyun, bai san bindigar ba, balle ya mallake ta.

Bayan mako biyu ya zo ya same ni ina yanka albasa. Ya ce, "Umma, na fasa Enfield ɗin. Waccan ta shafin ƙarshe nake so, mai layar." Na ce me ya sa? Ya ce ita ce ba wanda ya rubuta wa komai. Gwanjon ya riga ya wuce, wani ya saye ta, wataƙila tana bangon wata mashaya yanzu. Amma ya fara kiran kakarsa a waya yana tambayarta adakar zauren nan, ita kuma tana ta mamakin abin da ya haɗa ɗan Ingila da harba-ka-ruga. Ta tuno masa sunan unguwar maƙeran da ake kai ta gyara, abin da ni ban taɓa tambaya ba.

'Yan'uwa mazauna waje, in akwai irin wannan a gidajenku na gida, adaka ce, takobi ne, sulke ne, ku sa a ɗauki hoto, ku tambayi tsofaffi tun suna raye, ku rubuta har abin da ba shi da daɗin ji. Allah ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya tsare mana zuri'a. Amin.